Hatimin Shugaban da Ba Ya Nan

Ban taɓa mantawa da Larabar da ta gabaci buɗe gasar Olympics ta 2008 ba. Ranar ce manyan 'yan kasuwa masu furfura suka yi cirko-cirko a gaban wata durowar ƙarfe a ofishinmu na Guangzhou. Kowa ya san abin da ke ciki, kowa ya san ana bukatarsa kafin yammacin gobe, amma babu wanda yake so a ce shi ya ba da umarnin buɗewa. Ku da kuka shigo aikin kago daga baya kun tarar ana buɗe kowane kwali a gaban shaidu kafin lodi, na kuma ji wasunku suna cewa ɓata lokaci ne. Bari in gaya muku inda abin ya samo asali.

Na zo Guangzhou a 2006, bayan na ajiye aikin rediyo a Kano, inda na yi shekaru ina fassara labaran duniya ina karanta su. A nan na zama magatakarda kuma tafinta a wani ofishin kago kusa da titin Guangyuan, inda manyan kantunan sarin tufafi suke. Ba mai kirana da sunana, Ɗan Rediyo suke cewa.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙaramin ɗan kasuwa ba ya cika kwantena shi kaɗai. Mutane da yawa ke kawo kwalayensu sito ɗaya, mu auna, mu haɗa, mu kama wa kwantenar gurbi a jirgin ruwan da zai tashi daga tashar Nansha zuwa Kwatano. Daga can kowa ya san hanyarsa. Kowane jirgi yana da ranar da yake rufe karɓar takardu, wanda ya makara sai na gaba. Takardun kuwa ba sa tafiya sai da hatimi. A China sa hannu ba shi da nauyin da muka saba ba shi. Jan hatimin kamfani, zagayayye, wanda bai fi murfin kwalba girma ba sosai, shi ne bakin kamfanin. Takardar da ya hau, kamfani ne ya yi magana, kuma idan kwastan suka ga abin da bai dace ba a cikin kaya, masu kamfanin da wanda ya buga za a nema.

Tun farkon 2008 biza ta fara wuya saboda shirin gasar. Masu masauki suna ta neman ganin fasfo, masu sito suna ƙin ba wa baƙo haya shi kaɗai. Sai 'yan kasuwar da ke haɗa kaya a wurinmu, Kanawa da mutanen Nijar, suka ce a yi ƙungiya, a kama sito ɗaya da sunan kamfanin da maigidana Alhaji Garba ya yi wa rajista. Ƙungiya kuwa sai da tsarin mulki. Aka ɗora mini rubuta shi, wai ni na iya Hausar gwamnati.

Zaman ana yinsa ne bayan sallar Juma'a, a saman wani gidan abinci na Musulmi. Na ɗauka zama biyu zai isa. Muka shiga wata na uku ba a gama sashe na farko ba. Babban Kanawa bayan Alhaji Garba shi ne Alhaji Sule, mai sarin riguna. Shi ra'ayinsa shugaba ɗaya, kamar sarkin kasuwa a gida, ba a sauke shi muddin yana cikin sana'a. Babban mutanen Nijar kuwa Alhaji Isufu ne, Bamaraɗe, mai sarin kayan yara. Shi cewa ya yi kowace ƙasa ta yi majalisarta, a riƙa haɗuwa a matsayin daidai wa daida.

"Ku dai taro kuka gada wurin Faransa," in ji Alhaji Sule. "Mutum uku ma sai sun naɗa sakatare."

"Ku kuma ko a sahun salla sai kun nemi wanda zai zama dillali," in ji Alhaji Isufu. "Mi kuke tsoro in an yi daidai?"

Aka yi dariya, aka sha shayi, aka watse ba a yanke komai ba. Haka kowane mako. Daga ƙarshe aka raba gardama ta hanyar ba kowa abin da yake so. Alhaji Garba shugaba ne muddin yana sana'a, hatimi na ƙarƙashin ikonsa, ba mai buga shi sai shi. A ƙarƙashinsa majalisa biyu, ta Najeriya da ta Nijar, ba wadda ta fi wata. Mataimaki kuwa babu, domin ba ɓangaren da ya yarda a ɗauko shi daga ɗayan.

A cikin watan Yuni na raka Alhaji Isufu garin Xintang, inda ake ɗinka wandunan jins, don ya duba odarsa. Jarinsa na shekarar gaba ɗaya ya zuba a wandunan yara na Ƙaramar Salla. Muna zaune a benci muna jiran a fito da samfuri daga wanki, na ɗauko daftarin ina gyara. Kusa da mu akwai wani mutumin Kolombiya mai suna Arturo, wanda muka saba haɗuwa da shi a wannan masana'anta, shi ma jins yake saro wa shagon mahaifinsa. Ya taɓa karatun lauya kafin shago ya janye shi. Ya tambaye ni da Ingilishinsa mai karyayyen ƙafa me nake ta gogewa haka. Na faɗa masa. Na karanta masa sassan, ina juyawa. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau.

"Abokina, kurakuranmu biyu kuka haɗa a takarda ɗaya. Mu sai da muka yi shekaru kafin mu gama yin su."

Alhaji Isufu ya ce in tambaye shi abin da ya ba shi dariya. Daga nan na koma tafinta, Arturo yana faɗa, ina juya wa Alhaji Isufu da Hausa.

Ya ce ƙasarsu da maƙwabtanta duk ƙarƙashin sarkin Sifen suke a da. Da suka kori hakiman Sifen a 1810, ba su tsaya sun yi ƙasa ɗaya ba. Kowane lardi ya zauna ya rubuta nasa tsarin mulkin, da kyawawan kalmomi a kan 'yancin ɗan Adam. Babban birni ya ce a yi gwamnati ɗaya mai ƙarfi, larduna suka ce kowa ya ci gashin kansa, a haɗu a tarayya. Gardamar ta kai su ga ɗaukar bindiga a kan juna. Suna cikin haka rundunar Sifen ta dawo, zuwa 1816 ta sake kama babban birnin, ta kashe da yawa daga cikin waɗanda suka rubuta takardun. Ya ce har yau a makarantunsu ana kiran waɗannan shekaru da zamanin wautar ƙasa.

"Wannan shi ne majalisunku biyu," in ji shi. "Ga kuskure na biyu."

Bayan an sake yaƙi an ci nasara, janar ɗin da ya jagoranci yaƙin ya gaji da rikici. A 1826 ya rubuta wa sabuwar ƙasar Boliviya tsarin mulki mai shugaba na har abada, wanda shi zai zaɓi magajinsa. Tunaninsa idan kan bai motsa ba, jiki zai natsu. Tsarin bai yi wasu shekarun kirki ba aka yi watsi da shi.

Alhaji Isufu ya ji daɗin rabi na biyu, bai ji daɗin na farko ba. Ya ce, "Hwaɗa mishi mu ba mu da bindiga, sai tef na auna wando."

Arturo ya ce bindiga ba ita ce farkon labarin ba. Ya ce abin da ya tayar da komai tambaya ɗaya ce. A 1808 mai mulkin Faransa ya tsare sarkin Sifen a ƙasarsa. Mutanen da ke can ƙetaren teku suka wayi gari sarki yana raye amma ba ya nan, kuma ba wata doka da ta faɗi abin da za a yi. Sai manyan gari suka kafa majalisu, suka ce tunda sarki ba ya nan, iko ya koma hannun jama'a, su kuma suna riƙe masa ne har ya dawo. Ya nuna daftarina da yatsa.

"Naku fa? Idan shugaban ba ya nan, wa zai buga hatimi?"

Tambayar ba baƙuwa ba ce gare ni. A gidan rediyo ba a taɓa tsara shiri ba tare da mai jiran ko-ta-kwana ba, domin ba a barin tasha shiru don mai karanta labarai ya makale a hanya. Na rubuta sashe ɗan gajere a kan haka, na kai zaman Juma'ar da ta biyo baya. Na fara karantawa: "Idan shugaba ba ya nan, ko wani abu ya same shi…" Iyakar inda na kai ke nan.

"Subhanallahi," in ji Alhaji Sule a hankali. "Ɗan Rediyo, mutum yana zaune a gabanka da lafiyarsa, kana karanta masa abin da zai same shi? Me ya yi maka?"

Na duba Alhaji Isufu, wanda ya ji labarin da kunnensa. Ya sunkuyar da kai yana juya kofin shayi. Daga baya ya gaya mini da shi ya goyi bayan sashen, da an ce Bamaraɗe yana hangen kujerar Bakano. Alhaji Garba kansa murmushi kawai ya yi. Aka ce a wuce. Aka sa hannu a tsarin mulki ba tare da wannan sashe ba.

A da, wanda bizarsa ta kusa ƙarewa yakan tsallaka Hong Kong ya sabunta ya dawo. A ƙarshen Yuli Alhaji Garba ya tafi yin haka, da jaka ƙarama, ya ce a ajiye masa abincin jibi. Hatimin ya bar shi a durowar ƙarfe, mabuɗin yana hannun Malama Lin, akantar kamfanin, mace mai ƙarancin magana da ta daɗe tana aiki da shi. A Hong Kong aka ce wa Alhaji Garba a bana sai dai ya koma ƙasarsa ya nema. Kafin mu gama fahimtar abin da ya faru, ya kira mu daga Kano.

Kwantenar Salla kuwa ta cika, tana jiran takardu. Azumi zai kama a farkon Satumba. Jirgin da muka kama wa gurbi zai rufe karɓar takardu ranar Alhamis da yamma, kuma idan ya tashi a kan lokaci, kaya za su isa Maraɗi a goman ƙarshe na azumi, da ƙyar. Na bi wakilan jiragen ruwa ɗaya bayan ɗaya ina neman gurbi a jirgi na gaba, ko da za a makara kaɗan. Amsar ɗaya ce, meyo, wato babu, sai ƙarshen wata. Wannan kuwa bayan Salla zai sauke.

Ga yawancin masu kaya a kwantenar, jinkiri ciwo ne da za a iya daurewa, domin takalma da labule ba su da rana. Ga Alhaji Isufu ba haka ba ne. Wandon Salla na yaro, idan Salla ta wuce, ya zama kayan ajiya. A Babbar Salla kuɗin uba na rago ne, kafin baɗi kuma yayi ya canza. Masu shaguna a Maraɗi da ƙauyukanta sun riga sun dogara da shi ba su yi oda a wani wuri ba. Mutumin da na sani da zolaya ya daina zama. Ya shigo ofis, ya leƙa taga, ya sauka ƙasa, ya hawo, ya ciro fasfonsa ya duba ranar da tasa bizar za ta ƙare, ya mayar aljihu.

Ranar Talata na kira Alhaji Garba.

"Ranka ya daɗe, takardu sun kammala, hatimi kawai suke jira."

"Ku jira ni. An ce mini bizar za ta fito."

"Ranka ya daɗe, ko yau ta fito, ba za ka iso kafin Alhamis ba."

Ya ce, "Ɗan Rediyo, ba rowar hatimi nake yi ba. Ka taɓa ganin na buga wa kwalin da ban buɗe da hannuna ba? Sunana ne a rajistar kamfanin nan. Yanzu da suke binciken kaya kamar masu neman allura, in aka sami abu ɗaya, ni za a hana shiga ƙasar har abada, a rufe sito da kayan kowa. Abin da ban gani ba, ba zan ce a buga masa ba."

Gaskiya ya faɗa. Haka yake aiki tun da na san shi, shi ya sa ba a taɓa riƙe mana kwantena ba.

Ranar Laraba duk wanda ke da kwali a kwantenar ya hallara a ofis. Zafin Agusta na garin nan kun san shi, fanka tana juya iska mai ɗumi, kowa riga ta manne masa. A talabijin ɗin bango ana ta nuna shirye-shiryen bikin buɗe gasa a Beijing, ba mai kallo. Malama Lin ta faɗi matsayinta a taƙaice, na fassara. Ta ce lawban, wato maigida, ba ya nan, ita kuma ba za ta zaɓar wa ƙungiya shugaba ba. Idan ƙungiyar ta gaya mata da murya ɗaya wanda za ta ba, za ta buɗe durowa.

Murya ɗaya ita ce ba mu da ita. Kanawa suka koma gefe suka yi majalisarsu, mutanen Nijar suka fita baranda suka yi tasu. Na Nijar suka dawo da cewa Alhaji Isufu ya buga, tunda shi ya fi kowa kaya. Kanawa suka ce ba a taɓa kayan babba ba ya nan, balle ya riga ya ce a jira. Wani ya ce a duba tsarin mulki. Na buɗe na karanta musu abin da suka sa wa hannu: ba mai buga hatimi sai shugaba. Aka yi sallar azahar, aka dawo, aka sake maimaita maganganun safe da ƙarin zafi. Wani Bakano ya ce gobe ma mutanen Nijar su nemi nasu siton. Wani daga Yamai ya ce da ma sun gaji.

Alhaji Isufu, wanda ya daɗe a tsaye jikin taga, ya juyo.

"Ɗan Rediyo, mutanen ƙasar wancan mai tabarau na Xintang, da aka tsare sarkinsu, mi suka yi? Hwaɗa ma jama'a."

Na faɗa musu kamar yadda nake karanta labarai, ba ƙari. Sarki yana raye amma ba ya nan, manyan gari suka taru suka ce iko ya koma hannun jama'a, suna riƙe masa har ya dawo.

"Da ya dawo fa?" in ji Alhaji Sule.

"Ba su mayar masa ba."

"To ka ji."

"Akwai saura," na ce. Na ba su labarin lardunan da suka tsaya faɗa a kan wa ya fi wa, har rundunar da suka manta da ita ta iso ta same su a rabe.

Ba wanda ya yi dariya. Alhaji Isufu ya matso gaban Alhaji Sule, ya rage murya.

"Alhaji, ni ba kujera nike so ba. In Alhaji Garba ya dawo, da hannuna zan miƙa mishi abinsa a gabanka. Shi cewa ya yi bai ga kaya ba. To mu gane mishi. Ku Kanawa ku buɗe kwalayenmu, mu mu buɗe naku. In wani abu ya fito a nawa, a fitar da ni daga kwantenar, na yarda."

Alhaji Sule ya daɗe yana kallon durowar. Ya ce, "Kwalina ba abin da ke ciki sai riguna. A buɗe."

Washegari da sassafe muka tafi sito. Aikin da Alhaji Garba yake yi a hankali cikin makonni, kaya na shigowa yana dubawa, shi muka yi a safiya ɗaya. Alhazai suka tuɓe manyan riguna suka rataye a ƙusa, kowa da reza a hannu. Bakano ya yanka tef ɗin kwalin Bamaraɗe, ya zazzage, ya duba har ƙasa, ya mayar, a sake naɗewa. Kowa yana yi yana duba agogo. Wandunan Alhaji Isufu suka fito tsaf, Alhaji Sule ya ɗaga ɗaya mai aljihu har gwiwa ya ce yaran Maraɗi sun fi iyayensu gayu.

Gab da azahar wani mutumin Yamai ya kira ni gefe. A ƙasan wani kwali na Alhaji Sule, ƙarƙashin rigunan da aka rubuta a takarda, akwai ƙunshin riguna masu ɗauke da zobban nan biyar na gasar. A wannan shekara ba abin da ake sa wa ido kamar wannan tambari, ba mai fitar da shi sai da izini. Alhaji Sule ya zo ya gani, fuskarsa ta canza. Ya tuna. Da ya gama ciniki, ya nemi gyara kamar yadda kowane Bakano yake yi, mai kantin ya ce ya sa masa wani abu a kwali. Bai tambayi ko mene ne ba, gyara ai ba a bincikarta.

Alhaji Isufu ya ɗauki ƙunshin ya ajiye a bayan ƙofa, ya ce a ci gaba, lokaci na tafiya.

Da muka koma ofis na sake kiran Kano, na buɗe murya kowa yana ji. Na ba Alhaji Garba rahoto: an buɗe kowane kwali, kowane ɓangare ya duba na ɗayan, an sami abu kaza an cire. Alhaji Sule ya karɓi wayar ya ce, "A nawa aka samu, Alhaji."

"Wa zai buga?" in ji Alhaji Garba.

"Ni," in ji Alhaji Isufu. "In an zo tambaya, ni za a tarar."

"Ba za a ce Bamaraɗe ya ɗauki nauyin kayan Kanawa shi kaɗai ba," in ji Alhaji Sule. "Tare za mu buga."

"Allah ya kai kaya lafiya," in ji Alhaji Garba. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba.

Na gaya wa Malama Lin cewa majalisu biyu sun yi magana ɗaya. Ta duba fuskokinsu, ta buɗe durowa. Alhaji Isufu ya riƙe hatimin, Alhaji Sule ya ɗora hannunsa a kan nasa, suka danna tare da bismilla. Hatimin ya zame, jan ya dame, ba a iya karanta sunan kamfani. Malama Lin ta ɗaga takardar ta girgiza kai. Ba za a karɓi wannan ba. Sai da ta sake fitar da wata daga na'ura, mu kuma muna tsaye muna jin ƙarar kowane layi. A karo na biyu ta tsara su da kanta: ɗaya ya danne takarda da tafukansa, ɗaya ya buga. Suka yi ta musanya har takardu suka ƙare. Na ɗauka na fita da gudu, ban tsaya jiran lif ba. Na isa ofishin wakilin jirgin ma'aikaciyar tana haɗa jakarta.

Jirgin ya tashi daga Nansha da kwantenarmu. A goman ƙarshe na azumi Alhaji Isufu ya kira ni daga kasuwar Maraɗi. Ban ji rabin abin da yake faɗa ba saboda hayaniya. Abin da na ji shi ne, "Saurara," sannan ya ɗaga wayar sama. Muryoyin mata ne suna taya wando, da wani yaro yana kuka shi mai aljihu a gwiwa yake so.

Da na ba Arturo labari a Xintang, ya ce saura ƙarshen, ya kuma san yadda zai kasance: wanda ya ɗanɗana hatimi ba ya mayarwa. Alhaji Garba bai sami dawowa ba sai bayan Babbar Salla. A zaman Juma'ar farko Malama Lin ta kawo hatimin a ƙaramin akwatinsa, Alhaji Isufu ya karɓa ya miƙa masa da hannu biyu a gaban Alhaji Sule, kamar yadda ya yi alkawari. Alhaji Garba ya buɗe, ya duba, ya rufe. Sannan ya juyo gare ni.

"Ɗan Rediyo, sashen nan da aka katse ka, yana nan?"

"Yana nan, ranka ya daɗe."

"Karanta mana shi da muryar labarai. Daga farko. Ba abin da zai same ni don an karanta."

Na karanta har ƙarshe, ba wanda ya katse ni. Ya ce a ƙara layi ɗaya: ko shugaba yana nan, kowane kwali a buɗe shi a gaban mutum ɗaya daga kowane ɓangare. Sannan ya tura wa Malama Lin akwatin ya ce ta mayar durowa. Ya ci gaba da shugabanci har ya bar sana'a, ba wanda ya nemi kujerarsa. Arturo ya ce ba a yi masa adalci ba, su sun zubar da jini shekara da shekaru a kan wannan tambaya, mu mun warware ta da reza da tef.

Abin da na koya a wannan aiki shi ne, mutanenmu ba su da wuyar amana. Abin da ke yi musu wuya shi ne su faɗi a gaban babba cewa wata rana ba zai kasance a wurin ba. Sun gwammace su yi wata uku suna gardama a kan wa zai zauna a gaba. Mu kuwa sana'armu ta mutanen da biza ke kora ce, kowa a cikinmu wata rana ba ya nan. Saboda haka duk wanda aka ba shi tsara wani abu a ofishin nan, ko jadawalin sito ne, ya fara da wannan tambaya, ya kuma yi ta tun maigidan yana zaune yana shan shayi. Idan kuma an miƙa muku reza an ce ku buɗe kwalin wani alhaji, ku duba har ƙasa. Gyara a can take kwanciya.